Wai me "ma'aunin kasuwar hannun jari" yake aunawa?

Manomi, Gujungu

Assalamu alaikum. Malamai da yayyena na wannan zaure, ina neman ƙarin haske. Kusan kullum a labaran kasuwanci na rediyo sai a ce ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya ƙaru da maki kaza, ko ya ragu da kashi kaza, wai masu zuba jari sun ci ribar biliyan kaza a yini ɗaya. Mu nan abin da muka sani shi ne farashin buhun riɗi da na gero. Shi wannan ma'aunin me yake aunawa? In ya hau, kowane mai hannun jari ne ya ci riba? Ana iya sayensa shi kansa? Akwai N300,000 daga kuɗin riɗin bana da ake tunanin sa wani abu daga ciki, kuma ba a son abin da ya saɓa wa shari'a. Allah Ya saka da alheri.

Malamin Lissafi, Dawakin Tofa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da abin da ka sani. In wani ya dawo daga Dawanau ka tambaye shi "yaya kasuwa?", ba zai lissafa maka farashin kowane hatsi ba, cewa zai yi "ta tashi" ko "ta karye". A ransa ya haɗa masara, gero, dawa, wake da riɗi ya yanke hukunci ɗaya. Ma'aunin kasuwar hannun jari wannan hukuncin ne, sai dai da alƙalami ake fitar da shi, da ƙa'ida wadda ba ta canzawa daga yau zuwa gobe.

Wanda kake ji a rediyo sunansa All-Share Index, na kasuwar NGX da ke Legas. Ya haɗa dukkan kamfanonin da ake cinikin hannun jarinsu a can, kimanin 150. An fara lissafa shi ranar 3 ga Janairu 1984, aka ce darajar kasuwar a wannan rana ita ce 100. Duk lambar da ka ji bayan nan kwatanci ne da waccan rana. Don haka makin ba Naira ba ne, ba kuma farashin wani kaya ba ne.

Inda mutane suke ruɗewa shi ne ba a ba kamfanonin nauyi ɗaya ba. Nauyin kowane kamfani darajarsa ce a kasuwa, wato yawan hannun jarinsa sau farashin guda ɗaya. Bari in ƙirƙiri ƙaramar kasuwa mai kamfani uku don lissafin ya fito fili:

Kamfanin siminti yana da hannun jari 800, kowanne N100, darajarsa N80,000.
Kamfanin sukari yana da 300, kowanne N50, darajarsa N15,000.
Kamfanin sabulu yana da 1,000, kowanne N5, darajarsa N5,000.

Jimla N100,000. Mu kira wannan maki 100.

Washegari siminti ya hau zuwa N105, darajarsa ta koma N84,000. Sukari ya faɗi zuwa N45, ya koma N13,500. Sabulu ya faɗi zuwa N4.50, ya koma N4,500. Jimla N102,000, wato ma'auni ya koma 102. Rediyo zai ce kasuwa ta hau da kashi 2 cikin 100. Amma duba da kyau: kamfani biyu cikin uku faɗuwa suka yi, kuma kowanne da kashi 10, wanda shi ne iyakar abin da ƙa'idar NGX ta yarda farashin kamfani ya motsa a yini ɗaya. Mai sukari da mai sabulu sun kwana da asara a ranar da ake shelar riba.

Haka abin yake a kasuwar gaske. Dangote Cement, MTN Nigeria, Airtel Africa, BUA Foods da BUA Cement, su 'yan kaɗan ɗin nan suna ɗauke da babban kaso na nauyin ma'aunin, har motsin ɗaya daga cikinsu kan rinjayi na ƙananan kamfanoni hamsin. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. A wasu daga cikin manyan nan, mafi yawan hannun jarin yana hannun masu kamfanin ne, ba ya zuwa kasuwa. Sama da kashi 80 na Dangote Cement yana hannun uwar kamfanin. Ɗan abin da ya rage shi ake ciniki, shi ke yanke farashi, amma sai a ɗauki farashin nan a buga shi da dukkan hannun jarin. Kamar a sayar da buhu goma ne a kasuwa, a yi wa duk abin da ke rumbunan gari kuɗi da wannan farashin. Shi ya sa ciniki kaɗan kan iya motsa lambar da yawa.

"Ribar biliyan kaza" da ake faɗa ma daga nan take. Bambancin jimlar darajar jiya da ta yau ne, a takarda. Babu wanda aka ƙirga wa kuɗin a hannu sai wanda ya sayar.

Wata ƙa'ida kuma: in sabon kamfani ya shigo kasuwa, kamar yadda MTN ya shigo a Mayun 2019, jimlar darajar kasuwa tana ƙaruwa nan take, amma ana gyara lambar da ake raba jimlar darajar da ita wajen fitar da maki, don kada ma'aunin ya yi tsalle ba tare da wani farashi ya motsa ba. Saboda haka wani lokaci za ka ji darajar kasuwa ta ƙaru da kashi mai yawa, ma'auni kuwa da kaɗan. Ba kuskure ba ne.

Tsohon Akanta, Ringim

Allah Ya ƙara wa Malam basira, lissafin ya fita. Ni a kan karanta lambar zan tsaya, don nan ne sabon shiga yake cutar da kansa.

Ka daina sauraron maki, ka saurari kashi. Maki 1,000 a lokacin da ma'auni yake 20,000 kashi 5 ne, babban motsi. Maki 1,000 ɗin nan a lokacin da yake 100,000 kashi 1 ne kacal.

Sannan ka san tarihin abin kafin ka sa ko sisi. Ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin ya kai kusan 66,371. Lokacin kowa ya zama ɗan kasuwar hannun jari, bankuna suna ba mutane bashi su sayi hannun jari, wani lokaci ma na bankin da ya ba da bashin. Da rikicin kuɗi na duniya ya taso, baƙin masu jari suka janye, farashin mai ya karye, masu bashi suka shiga sayarwa dole don su biya. Cikin shekara ɗaya ma'aunin ya sauko kusan 20,000, faɗuwar kimanin kashi 70. A nan akwai lissafin da ya kamata kowa ya haddace: abin da ya faɗi da kashi 70 ba hawan kashi 70 ne zai mayar da shi ba. N100 ta koma N30, kafin N30 ta sake zama N100 sai ta ninka fiye da sau uku. Bai sake wuce matsayinsa na 2008 ba sai a ƙarshen Agustan 2023. Shekara goma sha biyar ke nan. Yaron da aka haifa ranar da abin ya fara faɗuwa ya isa riƙe garma kafin ya dawo.

Shekarun daɗi ma akwai. A 2020 ya hau da kashi 50. A 2023 ya rufe shekara a 74,773, hawan kusan kashi 46. A Janairun 2024 ya tsallake 100,000 karon farko, ya rufe shekarar a 102,926, hawan kashi 37.65. To amma a Disambar 2024 ɗin hauhawar farashin kaya, bisa ƙididdigar hukumar NBS, kashi 34.8 ce. Raba 137.65 da 134.8, za ka samu 1.02. Ma'ana, wanda kuɗinsa ya bi ma'aunin sawu da ƙafa a wannan shekara, abin da ya ƙaru a ƙarfin sayensa bai wuce kashi 2 ba. Ya tsira daga zaizayewar Naira, wannan ba ƙaramin abu ba ne in ka kwatanta da wanda ya ɓoye kuɗinsa a ƙarƙashin katifa, amma bai yi arzikin da lambar take nunawa ba. Manomi ya fi kowa gane wannan: abin tambaya shi ne buhun taki nawa kuɗin zai saya a bara, nawa zai saya bana.

Ta wani gefen kuma lambar tana rage wa mai jari haƙƙinsa. All-Share Index farashi kawai yake bi, ba ya lissafa rabon ribar da kamfanoni ke biyan masu hannun jari duk shekara. Hasali ma, in kamfani ya ware ribar da zai raba, ana zabge daidai wannan adadin daga farashinsa, sai ma'auni ya ɗan sauka alhali kuɗin aljihunka za su shiga. Wanda ya riƙe kamfanoni masu biyan riba tsawon shekarun nan goma sha biyar bai yi zaman banza ba kamar yadda lambar kaɗai za ta sa ka zata. Ana cire harajin kashi 10 daga rabon ribar kafin ta iso ka.

Amfanin ma'auni na gaskiya, a ganina, shi ne ya zama maka sikeli. In dillalinka ko wani asusun zuba jari ya ce ya samo maka kashi 20 a shekarar da ma'auni ya hau 37, bai yi abin yabo ba. In ya yi asarar kashi 5 a shekarar da kasuwa ta faɗi 20, ya yi ƙoƙari. Ba tare da sikelin ba, duk abin da aka faɗa maka sai ka karɓa.

Kuɗin riɗin nan kuma, ka fara ware na iri, na taki, na ƙwadago da na ko-ta-kwana. Abin da za a nema kafin damina ba ya shiga kasuwar hannun jari. Wanda zai shiga shi ne wanda za a iya mantawa da shi shekara biyar ko fiye.

Hajiya, Ɓaɓura

Sannunku da ƙoƙari, Malam da Alhaji. Ƙanena, tambayoyinka biyu na ƙarshe ba a taɓa su ba, kuma a wurina su ne masu nauyi.

Ma'auni ba ɗaya ba ne. Bayan na gaba ɗaya akwai NGX 30, mai bin manyan kamfanoni talatin da aka fi cinikinsu. Akwai na bankuna, na inshora, na kayan masarufi, na mai da gas, na masana'antu. Matsalar mai gudun haram ita ce na gaba ɗaya da NGX 30 duk suna ɗauke da bankunan kuɗin ruwa, kuma kamfanonin giya ma suna cikin kasuwar. Wanda ya sayi kwandon gaba ɗaya ya saya har da su.

Saboda haka aka kafa NGX Lotus Islamic Index a 2012 da kamfani goma sha biyar. Tacewa biyu ake yi. Ta farko a kan sana'ar kamfanin: ana fitar da masu harkar kuɗin ruwa, inshorar da ba ta Musulunci ba, giya, taba, caca da makamantansu. Ta biyu a kan littafin kuɗinsa: ko sana'arsa halal ce, in bashin ruwan da ke kansa ya yi yawa, ko kuɗin da yake samu ta hanyar ruwa ya wuce ɗan ƙaramin kaso, ana cire shi. Sau biyu a shekara ake sake dubawa, don haka kamfanin da ke ciki bana yana iya fita baɗi. Ɗan abin da ya gauraya na ruwa a cikin riba kuma ana fitar da shi a bayar, ba da niyyar neman lada ba, don tsarkake sauran. Malamai sun yi saɓani a kan wannan sassaucin, wasu ba su yarda da ko kaɗan ba, saboda haka ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa, ka haɗa da tambayar yadda za ka fitar da zakka.

Ka sani kuma, tunda an cire manyan bankuna, wannan ma'aunin ba zai riƙa tafiya daidai da wanda ake faɗa a rediyo ba. Shekarar da bankuna suka ja kasuwa sama za ka ga naka ya yi baya, wata shekarar ya wuce. Kada ka auna jarin halal da ma'aunin gaba ɗaya, ka auna shi da nasa.

Shi ma'auni ba a sayensa, lamba ce. Abin da ake saya asusu ne da ya tara kamfanonin da ke cikin ma'aunin bisa nauyinsu, aka yanka shi ƙanana ana sayarwa a kasuwa kamar hannun jari. ETF ake ce masa. Vetiva Griffin 30 yana bin NGX 30, Lotus Halal Equity ETF kuma yana bin na Musuluncin, dukansu tun 2014 suke kasuwa.

Hanyar shiga ba ta da wuya, kuma da waya ake yin mafi yawanta yanzu. Ka nemi kamfanin dillancin hannun jari, ka duba sunansa a jerin masu rajista a shafin hukumar SEC mai sa ido kan harkar hannun jari, ka tabbatar yana cikin dillalan NGX. Za su nemi BVN, NIN ko wani katin shaida, hoto, lambar asusun banki da shaidar adireshi. Mutanen karkara a nan suke maƙalewa tunda ba kowane gida ke da takardar kuɗin wuta ba, don haka ka tambaye su tun farko wace takarda suke karɓa a madadinta. Su za su buɗe maka asusu a CSCS, inda ake ajiye hannun jarin da sunanka, a ba ka lambar da ake kira CHN. Duk wanda ya ce ya saya maka amma babu wannan lamba, babu takardar shaidar ciniki, to bai saya maka komai ba.

Abin da ya fi lalata wa mutanenmu lamari shi ne suna. Muhammad a BVN, Mohammed a NIN, Mamman a takardar dillali. Sai riba ta fito a rasa inda za a tura ta, ta shiga cikin tarin ribar da ba a karɓa ba. Ka daidaita rubutun sunanka da jerinsa a ko'ina kafin ka fara, ka cike takardar da ke sa a riƙa turo riba kai tsaye asusun bankinka. Ka kuma rubuta sunan dillalin da lambar CHN ka ajiye inda iyali suka sani, don dukiyar magada da yawa ta ɓace a haka.

Manomi, Gujungu

Na gode ƙwarai, Allah Ya biya ku. Hajiya, in na fahimta, in na sa N100,000 a irin wannan asusun, ma'aunin ya hau kashi 10, nawa ya zama N110,000 ke nan? Sannan Dow Jones da ake ambata a labaran ƙasashen waje, shi ma irin namu ne? Akwai wani yaro a nan da ke cewa a ba shi kuɗi ya sa a can, wai duk wata ana samun kashi 15.

Tsohon Akanta, Ringim

Kusa da haka, amma ba cif ba, kuma ga inda bambancin yake fitowa. Akwai la'adar dillali da kuɗaɗen hukumomi a wajen saye, akwai kuma a wajen sayarwa. In ka haɗa shiga da fita sukan kai kashi 3 zuwa 4, wato N3,000 zuwa N4,000 a kan N100,000 ɗinka. Shi ya sa mai saye yau ya sayar jibi yake yi wa dillali noma. Masu kula da asusun ma suna cire ladansu duk shekara daga cikin dukiyar.

Babbar matsalar ita ce ƙarancin ciniki. Waɗannan asusun a kasuwarmu ba kullum ake samun masu saye da sayarwa da yawa ba, don haka farashinsu a kasuwa kan rabu da ainihin darajar kayan da ke ciki. Kwandon da kayansa suka kai N30 ana iya yi maka tayinsa N36 saboda mai sayarwa ɗaya ne ya fito ranar. In ka saya a haka, ka fara da asarar da ma'auni bai san da ita ba. Masu asusun suna wallafa ainihin darajar kowane yanki. Ka duba ta, sannan ka gaya wa dillali iyakar farashin da ka yarda, kada ka ce ya saya a duk yadda ya samu. Kuma kada ka zuba duka rana ɗaya: ka raba N100,000 ɗin gida huɗu, N25,000 duk bayan wata biyu ko uku, don kada duk kuɗinka ya faɗa a ranar tsada.

Dow Jones na Amurka ne, tun 1896, kamfani talatin ne a ciki, kuma lissafinsa ya bambanta da namu. Shi farashin hannun jari guda yake bai wa nauyi, ba darajar kamfani ba. A misalin Malam, da irin lissafinsa za a bi, yawan hannun jarin ba zai shigo ba sam, N100 da N50 da N5 kawai za a haɗa. Wanda ya fi kama da namu shi ne S&P 500, mai kamfani kimanin ɗari biyar, wanda aka fara a siffarsa ta yanzu a 1957.

Maganar yaron nan kuwa, kada ka ba shi. Kashi 15 duk wata, in ana mayar da ribar ciki, ya ninka kuɗi fiye da sau biyar a shekara. Babu ma'aunin da ke tafiya haka, kuma babu wanda ke hawa kowane wata ba fashi, ka ga dai abin da namu ya yi a 2008. Duk mai yanka maka riba tabbatacciya da sunan kasuwar hannun jari, da kuɗin sabbin shiga yake biyan tsofaffi, irin yadda MMM ta yi har ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016. Dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan harka ƙarara, har da ɗauri. Mai yiwuwa shi kansa yaron ruɗarsa aka yi. Ka tambaye shi sunan kamfanin da lambar rajistarsa ta SEC, ku buɗe shafin hukumar tare a wayarsa ku nema.